Kura da Shan Bugu: 'Yan Wasan Jiha da Gasar Ƙasa a Ƙwallon Ostireliya

Ranar Asabar 28 ga Satumban 2019, fiye da mutum 100,000 suka cika filin MCG da ke Melbon don kallon wasan ƙarshe na gasar AFL. Cikin 'yan wasan Richmond da suka fito akwai wani mai riga lamba 50, Marlion Pickett, ɗan shekara 27, wanda bai taɓa buga ko wasa ɗaya a gasar ba. Wasansa na fari shi ne wasan ɗaukar kofi, abin da rabon da a gani tun 1952. A zango na biyu ƙwallo ta faɗo hannunsa a tsakiyar fili, wani ɗan GWS, ƙungiyar da suke karawa da ita, ya taso masa gadan-gadan, sai ya juya da jikinsa kamar mazari, ya bar mutumin yana rungumar iska. A zango na uku ya ci ƙwallo, abokan wasansa suka yi caa a kansa har aka daina ganin lambar rigar. Richmond ta tashi da kofin da tazarar maki 89.

Wata huɗu kafin wannan rana, Pickett ɗan wasan South Fremantle ne, wata ƙungiya a gasar jihar Yammacin Ostireliya. Ya taɓa zaman gidan yari yana saurayi, ya fito ya kama ƙwallo hannu bibbiyu, shekara da shekaru manyan ƙungiyoyi suna zuwa su dube shi su wuce. Labari ne mai daɗin ji, kuma 'yan jaridar ƙasar sun ba da shi har ya gundure su. Abin da ba su cika tsayawa a kai ba shi ne ƙungiyar da aka zare shi daga cikinta ana tsakiyar kakar wasa. Ni kuwa can hankalina yake.

Ga wanda bai san wasan ba, kada ya ɗauka irin tamaular da muka saba ce, kuma ba zari-ruga ba ne ko da yake ƙwallon ta yi kama. Filin mai siffar ƙwai ne, ya kuma fi na tamaula girma nesa ba kusa ba. Mutum 18 ne kowane ɓangare, babu gola, babu raga, babu satar gida. Sanduna huɗu ake kafawa a kowane ƙarshen fili: ka buga ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ka sami maki 6, ta ratsa ta gefe ka sami maki 1. Ana kamawa da hannu, amma ba a jifa, sai dai ka ɗora ta a tafi ka nausa da ɗaya hannun. A Melbon aka rubuta dokokinsa na farko a 1859, kuma har gobe a kudanci da yammacin ƙasar shi ne sarki, ko da yake a Sidni da Brisbane zari-ruga ya fi shi fada.

Wanda ya ji an ce ɗan wasa ya tashi daga ƙungiyar jiha ya koma gasar ƙasa zai ɗauka tsani ne da aka gina tun asali, ƙarami a ƙasa, babba a sama. Tarihi bai ce haka ba. Kusan shekara ɗari masarautu uku ne, kowacce da sarautarta. Gasar Kudancin Ostireliya, wadda yau ake kira SANFL, an kafa ta a 1877. Ta Yammacin Ostireliya, WAFL, ta samo asali a 1885. Ita kuwa VFL ta jihar Biktoriya sai a 1897 ta buga kakarta ta farko. Lambar yabo ta Magarey da ake bai wa gwarzon shekara a Adelaide ta fara a 1898, ta girmi Brownlow ta Melbon da shekara 26. A 1976 mutum 66,897 suka biya kuɗi don kallon wasan ƙarshe tsakanin Sturt da Port Adelaide. A 1979 mutum 52,781 suka shiga filin Subiaco a Perth don ganin East Fremantle da South Fremantle. Waɗannan mutane ba su je da tunanin suna kallon 'yan share fage ba. A wurinsu ƙwallo ke nan, babu wata a bayanta.

Hanyar ma ba gefe ɗaya take tafiya ba a da. Haydn Bunton ya ci Brownlow uku da Fitzroy, sannan a 1938 ya tattara ya koma Subiaco a Perth, ya ci lambar Sandover ta gwarzon shekara har uku a can. Ba wanda ya ce ya sauka daga sama zuwa ƙasa.

Abin da ya karkatar da ma'aunin shi ne yawan jama'a da kuɗi. Melbon ta fi Adelaide da Perth mutane, ta fi su kamfanoni, da talabijin ya shigo kuma ta fi su masu kallo. Tun daga shekarun 1960 wakilan ƙungiyoyin Biktoriya suka fara sintiri a jihohi, takardar sa hannu a aljihu ɗaya, kuɗi a ɗayan. Graham Farmer, wanda kowa ke kira Polly, shi ne babban kamu na wancan zamani. Ɗan ƙabilar Noongar ne, ya tashi a gidan renon yara na Sister Kate a Perth, ya ɗauki kofi uku da East Perth kafin Geelong ta same shi a 1962. Shekara ɗaya bayan nan ta ci kofi. Kafin zuwansa, miƙa ƙwallo da naushi dabarar wanda aka ritsa ce, ba a yin ta sai dole. Farmer ya mayar da ita makamin kai hari, yana nausa ƙwallo ta yi tafiya mai nisa ta faɗa hannun wanda ke gudu. Ana ba da labarin yadda yake atisaye da tagar mota da aka sauke gilashinta rabi, yana nausawa ta ciki. Salon da Melbon ke taƙama da shi daga baya, daga yamma aka kai mata. Da ya gama kuma ya koma gida a 1968, ya ja West Perth ta ci kofi biyu yana koci yana kyaftin.

Tsibirin Tasmaniya kuwa tatsa aka yi masa, babu ko sannu. Kofi ɗaya tak St Kilda ta taɓa ci a tarihinta, a 1966, da tazarar maki 1 a kan Collingwood, kuma kyaftin ɗinta Darrel Baldock daga Latrobe ya zo, tauraronta Ian Stewart daga Hobart. Royce Hart ya bar Clarence ya tafi Richmond, a 1967 kuma Peter Hudson ya bar New Norfolk ya tafi Hawthorn, inda ya ci ƙwallo 150 a kakar 1971. Tsibirin da jama'arsa ba su kai rabin miliyan ba a lokacin ya yi ta haifar gwanaye yana yaye su ga maƙwabta.

Shekarar da na fi riƙewa ita ce 1986. A kaka ɗaya Adelaide ta rasa uku daga cikin fitattun samarinta: Stephen Kernahan daga Glenelg zuwa Carlton, Craig Bradley daga Port Adelaide shi ma zuwa Carlton, John Platten daga Central District zuwa Hawthorn. Shekara ɗaya da zuwansa aka naɗa Kernahan kyaftin, ya ɗaga kofi a 1987, ya sake ɗagawa a 1995. Platten ya ci Brownlow a 1987. Bradley ya buga wa Carlton wasa 375. Wato ba yara aka ɗebo a koya musu ba, ƙwararru ne aka saya da girmansu. Mutumin Adelaide da ya saba zuwa fili ranar Asabar ya wayi gari sai a akwatin talabijin zai ga yaron unguwarsu, sanye da rigar wasu.

Akwai hujjar da ta nuna daga ina ƙarfin Biktoriya yake fitowa. A da, in ana wasa tsakanin jihohi, ɗan wasa yana wakiltar jihar da yake bugawa ne, don haka Biktoriya takan fito da 'ya'yan yamma ta lallasa yamma da su. A 1977 aka gwada sabon tsari, kowa ya koma ya buga wa jiharsa ta asali. A Perth aka yi wasan, Yammacin Ostireliya ta doke Biktoriya da tazarar maki 94. Gani ya kori ji.

Wasu sun ƙi tafiya, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa. Barrie Robran na North Adelaide ya ci Magarey uku, a 1968 da 1970 da 1973. An yi ta zawarcinsa daga Melbon, ya ce yana nan. Stephen Michael na South Fremantle ya ci Sandover a 1980 da 1981, shi ma ya zauna. Russell Ebert, mai Magarey huɗu, ya ɗanɗana kaka ɗaya da North Melbourne a 1979, yana zaune a Adelaide yana hawa jirgi ya je ya dawo, daga nan ya koma Port Adelaide abinsa. A zamaninsu mutum yana iya cewa a'a, ya kuma zama babba. Yau ba zai yiwu ba. Yaron da ya ƙi shiga AFL ya zaɓi ya yi aikin ofis ko na hannu da rana, ya je atisaye da yamma, ya buga a gaban 'yan dubbai ƙalilan. Abin da aka rasa ke nan, kuma ba a cika lissafa shi cikin asara ba: damar zama gwarzo ba tare da barin gida ba.

Yadda aka kai ga haka akwai ban dariya, in mutum ba ɗan Perth ba ne. Gasar sayen 'yan wasa ta jefa ƙungiyoyin Biktoriya da dama cikin bashi, har a tsakiyar shekarun 1980 wasunsu suna gab da rufewa. Mafitar da hukumar VFL ta samo ita ce sayar da kujeru a gasarta. A 1987 West Coast Eagles daga Perth da Brisbane Bears suka shiga, kowacce ta biya dalar Ostireliya miliyan 4, aka raba wa tsofaffin ƙungiyoyi. A duba da kyau: an ci bashi an sayi 'ya'yan yamma, sannan yamma ta kawo kuɗin da aka rage bashin da shi. A 1990 aka goge harafin V aka sa A, gasar Biktoriya ta zama gasar Ostireliya. Ba a zauna an haɗa masarautu uku an gina sabon gida ba. Gida ɗaya ne ya faɗaɗa zaurensa, ya ce wa maƙwabta su shigo da kujerunsu. Har yau 10 daga cikin ƙungiyoyi 18 a Biktoriya suke, kuma akwai yarjejeniyar da ta ɗaure wasan ƙarshe a MCG har cikin shekarun 2050. Annobar korona ce kaɗai ta taɓa fitar da shi daga jihar, a 2020 da 2021.

Kudancin Ostireliya ta fi kowa turjiya. A ƙarshen shekarun 1980 SANFL ta kafa asusu na musamman don biyan fitattun 'yan wasanta su zauna gida, ta kuma ƙi shiga gasar sai bisa sharuɗɗanta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1990 Port Adelaide, ƙungiyar da ta fi kowacce kofuna a jihar, ta zagaya ta baya ta ƙulla magana da AFL ita kaɗai. Sauran suka garzaya kotu, aka yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe SANFL ta haɗa sabuwar ƙungiya cikin gaggawa, Adelaide Crows, ta shiga a 1991. Port ta yi jira har 1997. A nan ba ɗan wasa ne ya tashi daga gasar jiha ba, ƙungiya ce sukutum, wadda aka kafa tun 1870. Kuɗin shigar ba na aljihu kaɗai ba ne. Laƙabinta Magpies da rigarta mai baƙi da fari sun yi karo da na Collingwood, don haka ita aka ce ta canza. Ta zama Power, ta ƙara wasu launuka. Har yanzu sanya tsohuwar rigarta a wasan AFL sai da yarjejeniya, kamar mai aron kayan kakansa. Gavin Wanganeen, wanda ya ci kofin jiha da Port a 1990 ya tafi Essendon ya ci Brownlow a 1993, shi ya dawo ya zama kyaftin ɗinta na farko a sabon gida, yana kuma cikin waɗanda suka ci mata kofin 2004.

Don kada a ce na ɗauki ɓangare, Biktoriya ma ta ji a jikinta. South Melbourne an kwashe ta zuwa Sidni a 1982. Fitzroy, wadda da ita aka kafa gasar, an haɗe ta da Brisbane a ƙarshen 1996, kuma wasanta na ƙarshe can Perth ta buga shi, nesa da magoya bayanta.

Yanzu ga yadda ƙaura take a yau. Tun 1986 akwai tsarin rabon sababbin 'yan wasa. Kowane Nuwamba, duk matashin da zai cika shekara 18 a shekarar, ko wanda ya haura, yana iya sa sunansa. Ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, wadda ta zo ta ƙarshe a tebur ita ke fara ɗauka. Ga kuma iyaka da aka sa wa jimillar albashin kowace ƙungiya. Manufar ita ce kada mai kuɗi ya tattare gwanaye, kuma gaskiya tsarin ya yi aiki: a AFL ba a samun ƙungiya biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa da kofi shekara ashirin kamar yadda muke gani a wasu gasannin Turai. Sai dai wannan adalci tsakanin ƙungiyoyi 18 ne kawai. Yaron ba ya zaɓen inda za shi. Ana iya kiran sunansa da dare a Melbon, kafin mako ya zagayo yana wani gari mai nisan kilomita dubbai daga mahaifiyarsa. Ita kuma ƙungiyar da ta rene shi tun yana ƙarami, ta saya masa riga, masu aikin sa kai suka yi ta kai shi fili suna dawo da shi, ba ta da bakin cewa ba ta sayarwa, ba ta da bakin yin ciniki.

Nan ne bambancin yake da abin da muka sani. Lokacin da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, mun ji zafin rabuwa, kuma mun san yadda gidajen kallo ke cika ranar wasan Firimiyar Ingila alhali wasannin gida da yawa ba su samun rabin wannan ɗoki. Ciwon iri ɗaya ne. Amma a tamaula, ko ba komai, ƙungiyar da ke da kwantiragi da ɗan wasa tana iya zama a teburi ta faɗi farashi, in kuma ta taka sa'a wata rana ta hau rukuni na sama da kanta. A ƙwallon Ostireliya babu hawa babu sauka. Ko Subiaco ta ci kofin WAFL sau goma a jere, tana nan inda take.

Shi ya sa batun komawa gida ya zama ruwan dare a kasuwar musayar 'yan wasa. Tim Kelly yana koyon aikin wayarin lantarki yana buga wa South Fremantle, an tsallake shi shekara da shekaru, sai Geelong ta ɗauke shi a 2017 yana ɗan shekara 23. Kaka biyu ya yi yana haskakawa, ya roƙi a mayar da shi Perth saboda iyalinsa, aka yi musaya ya koma West Coast. Jason Horne-Francis, yaron South Adelaide, shi aka fara zaɓa a duk ƙasar a 2021. Shekara ɗaya ya yi a North Melbourne ya ce gida zai koma, ya tafi Port Adelaide, 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu a filaye. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba yaron ne ya tsara dokar da ta aika shi inda bai nema ba.

Duk da haka ba zan yi wa mai karatu ƙaryar cewa da an bar kowa a jiharsa da ya fi ba. Ga ɗan wasa, tafiyar alheri ce: albashin da zai riƙe shi, likitoci, horo na cikakken lokaci. Ga 'yan asalin ƙasar, Aborijin, ta zama wani abu da ya wuce albashi. Maurice Rioli ya taso daga tsibiran Tiwi, ya bi ta St Mary's a Darwin, ya yi South Fremantle, ya isa Richmond a 1982, a shekarar ya zama gwarzon wasan ƙarshe duk da an ci ƙungiyarsa. 'Yan'uwan nan biyu, Jim da Phil Krakouer, suka bar Claremont zuwa North Melbourne a wannan shekarar. Nicky Winmar ya bar South Fremantle zuwa St Kilda a 1987. A watan Afrilun 1993, a filin Victoria Park, bayan magoya bayan Collingwood sun wuni suna zaginsa kan launin fata, aka tashi wasa St Kilda ta yi nasara, sai ya juya ya fuskance su, ya ɗaga rigarsa, ya nuna fatar jikinsa da yatsa. Hoton ya zagaye ƙasar. Bayan shekara biyu Michael Long na Essendon, wanda shi ma ta St Mary's da West Torrens ya biyo, ya kai ƙarar wanda ya zage shi a fili, ya ƙi yarda a rufe maganar, har AFL ta kafa dokar hukunta cin zarafin launin fata a 1995. Da a ƙaramin fili a bayan gari waɗannan abubuwa suka faru, da wuya su girgiza ƙasa. Babban dandali yana da amfaninsa, wannan ba abin musu ba ne.

Abin da nake ƙorafi a kai daban ne. Na farko, littafin tarihi. Da aka canza suna a 1990, AFL ta gaji kundin VFL gaba ɗaya tun daga 1897, ta mayar da shi kundin ƙasa. Kofin da Fitzroy ta ci a 1898, a gasar da duk ƙungiyoyinta na Biktoriya ne, yana cikin lissafi. Kofuna 36 da Port Adelaide ta ci a SANFL ba sa ciki, a wannan kundi kofinta ɗaya ne. Wasannin da Bradley ya buga wa Port kafin 1986 ba a haɗa su da 375 ɗin nan. Ken Farmer na North Adelaide ya ci ƙwallo fiye da 1,400, ya zarce Tony Lockett da ake kira mai riƙe da kambun cin ƙwallaye da 1,360, amma yaro mai tasowa a yau sunan Lockett kawai zai ji. An yi ɗan gyara a zauren karramawa, inda aka ɗaga Robran zuwa matsayi mafi girma a 2001 ba tare da ya taɓa buga wasa a VFL ba. Sai dai mutum ɗaya-ɗaya ake tsamowa, ba a karɓi tarihin a dunƙule ba. Wanda ya ci kasuwa shi ya riƙe alƙalami.

Na biyu, yadda aka mayar da gasannin jiha wurin ajiya. Yanzu ƙungiyoyin AFL suna zuba 'yan bencinsu a cikinsu. Adelaide tana da tawaga a SANFL tun 2014, West Coast tana da tata a WAFL tun 2019, Fremantle tana tura nata Peel Thunder. Kocin irin wannan tawaga ba kofi ne gabansa ba. An ce masa ne wane yana dawowa daga rauni, a ba shi rabin wasa, wane kuma a gwada shi a baya. A gefe guda ga ƙungiyar unguwa da ke neman kofi da gaske, da magoya bayan da kakanninsu suka gina rumfar filin. Gasa ɗaya, niyya biyu. Ita kuwa tsohuwar gasar VFA ta Biktoriya, wadda ta girmi VFL, har sunanta aka karɓe a 1996 aka laƙa mata VFL ɗin da aka yar.

Abin mamaki, duk da wannan riƙon sakainar kashi, gasannin jiha ba su daina gyara kurakuran manya ba. Masu farautar 'yan wasa sun ƙwallafa rai a kan ɗan shekara 18: a auna tsawonsa, a auna gudunsa, a yanke masa hukunci. To amma ba kowane ɗan Adam ke nuna a 18 ba. James Podsiadly sai da ya kai 28 Geelong ta ba shi dama, ya ci kofi da ita a 2011. Michael Barlow daga Werribee ya zo Fremantle a 2010, a wasansa na farko ya taɓa ƙwallo sau 33. Matt Priddis na Subiaco, wanda aka yi ta cewa ba shi da sauri, ya ci Brownlow a 2014. Callum Wilkie akanta ne a Adelaide, ya ci kofin jiha da North Adelaide a 2018, St Kilda ta ɗauke shi, ya shiga jerin gwanayen ƙasa na 2023. Duk waɗannan, da babu ƙungiyar da ta riƙe su a shekarun da babu mai so, da sun ajiye takalmi. Kuma sun zo da abin da makarantar horon yara ba ta koyarwa, domin sun yi shekaru suna gwabzawa da ƙarti masu iyali, sun san tashi da asuba zuwa aiki bayan an sha duka ranar Asabar.

Sakayyar da aka yi wa gasannin jiha kan wannan hidima ita ce rabon tsakiyar kaka, wanda aka dawo da shi a 2019. Ƙungiyar AFL da ta rasa ɗan wasa saboda doguwar jinya ko ritaya tana iya cike gurbin a wajajen ƙarshen Mayu, daga gasannin jiha. Shugabannin SANFL da WAFL sun yi ta kuka a kai, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Ka gina tawagarka tun farkon shekara a kan mutum ɗaya, ka sha wahalar rabin kaka, ka fara hango kofi, sai a yi maka waya a ce gobe zai hau jirgi. Ba za ka iya hana shi ba, kuma wane mara imani ne zai so ya hana? Sai ka rungume shi ka yi masa fatan alheri, ka koma ka duba benci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In dai AFL ta yarda waɗannan ƙungiyoyi ne madatsar da take sha, abin da ya kamata shi ne diyya mai tsoka da za ta shiga asusun ƙungiyar da aka ɗauki mutum daga cikinta kai tsaye, ta fi yawa in a tsakiyar kaka ne, sannan a fitar da 'yan benci zuwa gasarsu ta daban a bar masu neman kofi su nemi kofi. Hukumar da ke karɓar biliyoyin daloli daga gidajen talabijin ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Tasmaniya, bayan shekara da shekaru tana roƙo, an ba ta lasisi a Mayun 2023, za ta shiga a 2028 a matsayin ƙungiya ta 19, bisa sharaɗin a gina sabon fili mai rufi a Hobart, sharaɗin da ya raba kan mutanen tsibirin saboda tsadarsa. Yaran can za su sami rigar gida da za su yi burin sawa, abin da Baldock da Hudson ba su samu ba. Clarence da sauran ƙungiyoyin tsibirin kuwa za su ci gaba da renon yara, sai dai yanzu mai zuwa ɗauka yana iya zama maƙwabci.

Shi Pickett, kwana shida kafin ranarsa ta MCG, ya buga wa tawagar Richmond ta biyu wasan ƙarshe na VFL, suka ci kofi, aka zaɓe shi gwarzon wasan. Wannan ne ya sa koci ya yi kasadar saka shi. A wannan ƙarshen makon South Fremantle ma ta kai wasan ƙarshe na WAFL a Perth. Subiaco ta doke ta da tazarar maki 96. Mutum ɗaya ba zai cike wannan rami ba, kuma ban ji wani ɗan South Fremantle ya ce zai cike ba. Ranar Asabar da ta biyo, da yawansu suka zauna gaban talabijin suna neman riga lamba 50.